Allurar da Na Hana a Yi wa Malam

A watan Sha'aban ɗin nan da muke ciki Malam ya cika shekara tara da rasuwa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, amma duk sanda na ɗauki biro sai in ga abin da zan rubuta bai wuce abin da ake faɗa a zaman makoki ba: mutumin kirki ne, mai haƙuri ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai wani yanki na labarinsa da ni kaɗai zan iya bayarwa, domin da hannuna a ciki, kuma sai bana na sami ƙarfin zuciyar faɗarsa a fili.

Malam mijina ne. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare a gidanmu na Limawa. Ni koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, shi kuwa makarantar allo ya gada daga mahaifinsa, a soron gidan da rumfar da ke ƙofarsa. Da safe yara, bayan la'asar matan auren unguwa, bayan magariba magidanta. Shi ne kuma limamin masallacin layinmu. Da damina yakan je ƙauyensu ya duba gero da waken da ake noma masa a gonar gado, ya dawo a ranar, don ba ya son a rasa shi a karatu. Abin da ɗalibansa suka fi tunawa da shi shi ne tsananinsa a kan harafi. Yakan tsayar da dattijo mai furfura a kan harafi ɗaya har sau goma, yana nuna leɓensa da yatsa yana cewa a kalli bakinsa. Ba ya tsawa, ba ya duka, amma ba ya barin kuskure ya wuce.

Ni na fara ganin abin. Wanzami ya zo yi masa aski a tsakar gida, ya cire hula, sai na hango wani ɗan tudu a ƙasan kunnensa na dama, daidai inda muƙamuƙi ya ƙare. Bai fi ƙwarar gyaɗa ba. A shekarar hangum ya yi ta kama yaran makaranta, sai muka ce shi ne ya taɓa shi da girmansa, har muka yi dariya. Yaran duk suka warke a cikin sati biyu, na Malam yana nan. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, in ka taɓa shi yana motsi a ƙarƙashin fata. Muka manta da shi. Bayan shekara guda ya kai girman ƙwan zabuwa, har ya ɗan ɗage masa fatar kunne, mutane suka fara tambaya a masallaci. A nan ne muka je asibiti a nan Dutse, likitan da ya duba shi ya rubuta mana takarda ya ce mu je babban asibiti a Kano, wajen likitocin kunne da hanci da maƙogwaro.

Har yau ina iya tuno ɗakin da muka shiga. Likitan mutum ne mai sanyin magana, ya gaishe da Malam da girmamawa, ya matsa wurin a hankali, ya sa shi ya rufe ido, ya ɗaga gira, ya hura kumatu, ya yi murmushi. Duk Malam ya yi lafiya lau. Sannan ya ɗauki takarda ya zana mana gefen fuska. Ya ce a gaban kunne da ƙasansa akwai wani nama da ke samar da yawun da muke haɗiya, shi ne hangum ke kumburawa, kuma a cikinsa ne ƙarin Malam ya tsiro. Ya ce mafi yawan ƙarin da ke fitowa a wurin ba daji ba ne, amma wasu daji ne, kuma da ido da hannu kaɗai ba a iya rabe su. Abin da ya sa wurin ke da wuyar aiki, in ji shi, jijiyar da ke motsa fuska ta tsakiyar naman nan ta ratsa, ta yi rassa kamar yatsun hannu, wani zuwa ido, wani zuwa leɓe. Saboda haka ba ya son ya sa wuƙa sai ya san abin da zai tarar. Ya ce za a fara ɗaukar hoto a ga zurfin ƙarin da inda ya kai, sannan a soka wata siririyar allura a tsotso ɗan abin da ke ciki, a shafa a gilashi, a duba da madubin likita. Da wannan zai san irin aikin da zai yi, da yawan abin da zai cire, da abin da zai gaya mana mu shirya wa.

Ina jin kalmar allura, sauran bayanin duk ya wuce ta bayan kunnena.

Sai na koma baya kaɗan kafin a fahimce ni. Ina amarya mahaifiyata ta yi ƙari a nono. A ƙauye take, wani mai magani ya tsaga wurin, ya zama gyambo, bai ƙara rufewa ba har ta rasu. Ni na yi jinyarta, ni nake wanke tsummokaran. Duk matar da ta shigo dubiya magana ɗaya take yi, cewa daji ba ya son ƙarfe, da ba a taɓa shi ba da yana nan a kwance. Na ji maganar nan har ta zauna mini a ƙashi. Na yi karatun boko, na koyar da yara tsafta da kiwon lafiya shekara da shekaru, amma duk bai taɓa wannan wurin a zuciyata ba. Yanzu na san ciwon Inna ya riga ya yi nisa kafin a tsaga, kuma wanda ya tsaga ba likita ba ne. A lokacin ban sani ba, ko kuma in ce ban yarda in sani ba.

Muka hau mota muka dawo Dutse. Da muka iso gida, Malam ya yi sallar la'asar, ya sallami matan da suka zo karatu, ya shigo ya tarar da ni zaune a bakin gado ina kuka. Na gaya masa ba zan iya sake ganin abin da na gani a jikin Inna ba. Na ce abin da ba ya ciwo, ba ya hana shi ci, ba ya hana shi karatu, don me za a je a tsokano shi.

Ya ce, "Malama, likitan nan fa bai yi kama da mai ganganci ba."

Na ce, "Ni dai na roƙe ka don Allah, kar ka bari a sa maka ƙarfe a wurin nan."

Ya dube ni. Sannan ya ninke takardar da aka ba mu ta zuwa ɗaukar hoto, ya sa ta a cikin wani littafin fiƙihu, ya mayar kan kantar littattafansa. Ya ce to, a bari tukuna.

Tukunan nan shekara uku ta ɗauka. A cikinsu babu abin da ban nemo ba. Sassaƙe daga ƙauyensu, man shafawa daga masu maganin Musulunci, wani gari da ake kwaɓawa da tsamiya a liƙa a wurin. Malam yana yin tofi, yana shan rubutu, yana karɓar duk abin da na kawo ba musu. Abin da ke ba ni kunya in na tuna, shi mutum ne da ke gaya wa ɗalibansa cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Mata nawa ya sa mazansu suka kai su awo. Amma nasa ƙarin sai ya koma naɗa rawani yana rufe shi.

A shekara ta uku abin ya sauya hali. Ya yi tauri, ya daina motsi, ya fara girma da sauri, ya fara yi masa zugi har cikin kunne. Wata safiya yana shan koko sai na ga yana zubowa ta gefen bakinsa na dama, shi bai ma sani ba. Na dube shi da kyau, na ga idon wannan gefen ba ya rufuwa duka in ya ƙifta. Ban jira ya ce komai ba. Ni da kaina na hau kujera na sauko da littafin, na ciro takardar, ta yi ja saboda daɗewa.

Likitan nan dai muka sake tararwa. Ya gane mu. Na shirya jin faɗa, amma bai yi ba, ya dai sa Malam ya hura kumatu, iska ta fice ta gefe, sai na ga ya sunkuyar da kai yana rubutu. Aka yi hoton farko, wanda ake shafa wani abu mai sanyi a goga na'ura a kan fata, aka yi babban, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura yana kwance. Sannan allurar. Na roƙa aka bar ni na tsaya a bakin ƙofa. Ba ta kai kaurin wadda ake yi wa yara ta rigakafi ba a idona. Kafin in gama karanta abin da na fara karantawa a zuciyata har an cire, an ɗora auduga, an manna filasta. Malam ya taso yana gyara hula. Na tambayi ma'aikaciyar ko saura wani abu, ta ce an gama ke nan. Na fita baranda na zauna a ƙasa. Abin da na tsaya a gabansa shekara uku ke nan.

Bayan sati guda sakamako ya fito. Daji ne, kuma hoton ya nuna ya riga ya naɗe jijiyar. Likitan ya zaunar da mu ya gaya mana tun kafin aiki cewa ba zai iya cire ciwon ya bar jijiyar ba, gefen fuskar ba zai ƙara motsi ba, kuma bayan aiki sai an yi gashin wurin da na'ura. Malam ya tambaye shi abu ɗaya kawai, ko zai iya karatu. Ya ce zai iya, amma leɓe ba zai haɗu kamar da ba.

Da Malam ya fita yin alwala, na tsaya na tambayi likitan abin da ke cina. Na ce da mun yi a wancan zuwan fa? Ya ce ba zai rantse ba, domin ba a duba ba a lokacin. Amma ƙarin da ya zauna lafiya yana motsi, ba ciwo, fuska kuma tana aiki, sau da yawa ba daji ba ne, sai dai akwai irin da in aka bar shi shekaru yakan rikiɗe. Ya ce ko ma mene ne a lokacin, da an sani, kuma da alama da an cire shi an bar jijiyar. Sai ya ƙara da cewa allura ba ta watsa irin wannan ciwo yadda mutane ke tsoro, jinkiri ne ke ba shi wuri. Bai faɗa don ya ƙona mini rai ba. Ni na tambaya.

Aka yi aiki, aka yi gashi, muka dawo Limawa bayan watanni. Ranar da ya fara komawa masallaci ya ja sallar magariba, ya ji yadda haruffan ba'un da mimun ke fita daga bakinsa, iska na tserewa ta gefe. Da aka sallame ya juyo ya gaya wa jama'a cewa daga yau na'ibinsa ne zai riƙa ja. Suka ce ai uzuri ne, ba wanda ya ji wani abu. Ya ce shi ya ji. Ya koma sahun farko, bayan mutumin da shi ya koya wa Fatiha. Karantarwa kuwa bai daina ba. Ya daina cewa a kalli bakinsa, ya koma sauraro, ido ɗaya a rufe da auduga saboda ƙura, in aka yi kuskure sai ya ƙwanƙwasa allo da yatsa. Ɗalibai suka ce kunnensa ma ya ƙara kaifi. Shekara biyu ya yi a haka, sannan ciwon ya bayyana a huhu. Ya rasu a ɗakinsa da hantsi, ina riƙe da kofin ruwan da ya ce in kawo.

Dutsen da ya bari ba ita ce ta yau ba. Gidaje sun cinye gonakin da muke ratsawa, 'yan jami'a sun cika gari, adaidaita sahu har ƙofar gidanmu. Hoton da sai da muka yi sammakon zuwa Kano kafin a yi mana, na farkon dai, yanzu a cikin gari ake yin sa. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wannan. Na san zai yi murna, kuma na san sai ya tsare mai ɗaukar hoton da tambayoyi har ya gaji, don shi mutum ne mai son ya san yadda abu ke aiki. Amma na san zai ɓata rai da masu yawo da lasifika a kasuwa, da waɗanda ke cikin waya yanzu, suna rantsuwa da Allah cewa garin maganinsu na narkar da kowane irin ƙari ba tare da an je asibiti ba. Kuma zai yi mamakin yadda na'ura ta iso gari amma tsoron da ya kwantar da shi yana nan inda yake.

Na ga haka da idona bara. Binta, wadda ta yi sauka a hannun Malam tana budurwa, yanzu tana aure a Takur da 'ya'ya huɗu, ta zo gaishe ni. Tana gyara mayafi na hango irin tudun nan a ƙasan kunnenta. Tun rasuwar Malam ba na iya kallon mutum ban kalli wurin nan ba, ko a gidan biki, ko a layin asibiti. Na tambaye ta. Ta ce ta je an yi hoto, an ce sai an yi allura a duba, mijinta ya yarda, amma mahaifiyarta, Hajiya Tabawa, ta ce in aka yi ba da yawunta ba. Binta kuwa ba za ta tsallake maganar uwa ba.

Washegari na hau adaidaita na tafi gidan Hajiya Tabawa. Ta girme ni, na durƙusa na gaishe ta, aka kawo ruwa, muka yi ta zagaye-zagaye kafin in shigo da maganar. Ta saurare ni, sannan ta ce ku 'yan boko komai likita ya faɗa sai ku ce to, ita kuwa ta ga ƙanwarta da aka taɓa da ƙarfe ba ta ƙara tashi ba.

Na ce, "Hajiya, ni 'yar bokon ce na hana a yi wa Malam. Shekara uku na hana."

Ban taɓa faɗa wa kowa haka da bakina ba, ko 'ya'yana. A unguwa an ɗauka ciwon ne kawai ya zo da ƙarar kwana. Na ba ta labarin tun daga askin tsakar gida har zuwa barandar asibiti. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai tambaye ni kaurin allurar, na nuna mata da tsinken tsintsiya, na ce ba ta kai haka ba. Ta tambaya ko ana barin uwa ta shiga. Na ce sai mu roƙa. Bayan kwana huɗu Binta ta kira ni ta ce Hajiya ta ce a je, amma da ita, da ni.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Allurar farko ba ta ɗebo abin da ya isa a karanta ba, aka ce sai an sake, Hajiya Tabawa ta kalle ni wani irin kallo da har yanzu ina jin sa. Karo na biyu aka yi ana kallon hoton a lokaci guda, don allurar ta faɗa daidai inda ake so. Hajiya tana riƙe da ƙafar 'yarta tana salati. Sakamako ya nuna ba daji ba ne. Duk da haka likitar da ke duba Binta ta ce a cire, don irinsa ba a barin sa ya tsufa, kuma ta ce tabbacin ƙarshe sai an duba ƙarin gaba ɗaya bayan an fitar da shi. Aka yi aikin a Kano, aka lallaɓa aka bar jijiyar. Bakin Binta ya ɗan karkace na wasu makonni, kamar yadda aka gargaɗe ta tun farko, sannan ya dawo. Tabo ne kawai ya rage, siriri, ɗankwali na rufe shi. Da azumi Hajiya Tabawa ta aiko mini da ƙullin kuka da daddawa, ba saƙon komai. Na gane godiyarta ke nan.

Mutane sukan ce mini Malam ya bar ɗalibai, ya bar makaranta, ga ƙaninsa na riƙe da ita har yau. Haka ne, Allah Ya sa ya zame masa sadaka mai gudana. Amma ni abin da ya bar mini daban ne, kuma a wata la'asar ya ba ni shi, saura 'yan makonni ya rasu. Yana kishingiɗe a tabarma a inuwar ɗaki, numfashi ya fara yi masa wuya, ina yi masa fifita. Na daɗe ina juya maganar a raina, ranar dai na fitar da ita. Na ce ya yafe mini, ni na ja masa wannan.

Ya ɗaga hannu ya tsayar da maficin. Maganarsa a lokacin sai an kasa kunne.

Ya ce, "Malama, kin ɗauka don ke na ajiye takardar nan? Tun da likita ya ambaci jijiyar baki hankalina ya tashi. Na ji tsoron a duba a ce sai an yanka. Da kika yi kuka sai na sami inda zan ɓuya. Ke kin faɗi tsoronki, ni na ɓoye nawa a bayan naki. In akwai neman gafara, ni ma ina nema."

Na yi shekaru ina tunanin ko ya faɗa ne don ya sauke mini kaya. Zai iya, halinsa ne. Amma na zauna da mutumin nan shekara talatin da ɗaya, ban taɓa kama shi ya gyara magana don ta yi wa wani daɗi ba, ko da yaro ne. Na yarda gaskiya ya faɗa. Malami ne da unguwa ke tashi tsaye in ya wuce, yana da damar ya tafi da girmansa a cike, ya bar ni da laifin ni kaɗai, ba wanda zai sani. Sai ya raba shi biyu ya ɗauki rabi.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka, kuma ba na cewa allura ce za ta ƙara masa kwana ɗaya. Amma mu biyu mun san abin da ya kamata mu yi, muka zauna a ɗaki ɗaya shekara uku kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Wannan shi ne na kasa faɗa a zaman makoki, yau na faɗa. Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka makwancinsa, Ya yafe mana ni da shi.